Sawu a Bayan Kemis ɗin Batula

Ranar Talata da hantsi aka binne Malam Jibo tela, kafin Azahar kuma mutanen Kurfi sun cika ƙofar kemis ɗin Hajiya Batula. Shi ne mutum na uku cikin mako guda da ya sha ƙwayar ciwon suga daga shagonta ya yanke jiki ya faɗi. Biyun farko an garzaya da su asibiti, an ɗaura musu ruwa, sun farfaɗo. Malam Jibo kuwa shi kaɗai ne a shagon ɗinkinsa, sai da La'asar ɗin ranar Litinin aka tarar da shi kife a kan keken ɗinki, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Abin da ya ƙara tunzura jama'a shi ne, da safiyar ranar wasu mata masu zuwa gona suka ga hayaƙi a kwazazzabon da ke bayan shagon. Da aka leƙa, sai ga kwalayen wannan maganin guda shida a tare, wuta ta ci rabinsu.

"Jabu take sayar mana!" in ji Rabi'u, ƙanen mamacin, yana dukan ƙofar ƙarfen da tafin hannu. "Ta kashe mini wa, ta kwashe sauran ta ƙona don kada a gani!"

Sufeto Labaran ya ajiye 'yan sanda biyu a ƙofar, ya bar Batula a ciki don kada a taɓa ta. Sannan ya tura babur ƙauyen Ɗantutture a ɗauko masa Rabo.

Rabo dattijo ne siriri, ya haura sittin. Shekara arba'in ke nan yana bin sawun shanun da aka sace, kuma 'yan sanda sun saba nemansa idan abu ya shige musu duhu. Sai dai wannan karon da bambanci, domin Batula 'yar wansa ce, a hannunsa aka aurar da ita.

Ta ƙofar baya aka shigar da shi. Ya same ta zaune a kan kwalin sirinji, idanunta sun kumbura.

"Baffa, wallahi ban ƙona komai ba."

"Ban tambaye ki ba tukuna. Ina kike saro maganin?"

"Kamfanin da ke bayan garin Dutsin-Ma. Shekara huɗu ke nan a can nake saye, ba a taɓa samun matsala ba. Wannan karon kwali ɗaya aka kawo mini, ga shi can, ko rabi ban sayar ba."

"Waɗanda aka ƙona fa?"

"Ban taɓa ganin su ba. Ina ni ina sayen kwali shida a lokaci guda?"

Aka sake dukan ƙofar gaba, har kwalaben da ke kan kanta suka yi ƙara. Batula ta ƙanƙame hannunsa.

"Baffa, in suka ɓalle ƙofar nan fa?"

Rabo ya leƙa sama ta taga, ya ga hadari yana haɗuwa daga gabas.

"Sufeto, mu je ramin nan kafin ruwa ya riga mu."

*

Gefen kwazazzabon da ke kusa da gari duk an tattake shi. Rabo ya zagaya ta ɗaya gefen, inda ƙasa ke da laushi saboda ruwan shekaranjiya. Ya daɗe a tsugune yana kallo, iska tana kaɗa masa rawani.

"Babur ne ya kawo su, kuma ba daga cikin gari ba," in ji shi. "Daga titin Dutsin-Ma ya ratso. Ya zo da nauyi, ya koma ba kaya. Ga inda ya kafe shi. Sau uku ya sauka ramin."

Sufeto ya matso da wayarsa yana ɗaukar hoto.

"Takalmin roba ne mai dogon wuya, babba. Duba dugadugin hagu, akwai wurin da wani abu mai zafi ya taɓa narkar da shi. Amma ka lura da gaban takalmin. Bai nutse ba."

"Me ke nan, Baba?"

"Ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Yatsunta sun tsaya a tsakiya. Kuma ƙafar dama tana karkata waje, kowane taku."

Rabo ya sauka ramin, ya zaro wasu katunan ƙwaya da wuta ba ta kai gare su ba, ya ƙulle a gefen rawaninsa. Ya ce wanda yake son ɓoye abu ba ya zuba fetur a gefe ɗaya ya bar sunan magani a sama. An ƙona su ne don a gani, kuma a gan su a bayan shagon Batula.

Suna hawowa yayyafi ya fara. Kafin su kai mota sawun ya narke.

*

Kamfanin ƙarami ne, gini biyu da janareto a tsakani. Manajan, Malam Abubakar Sadiƙ, ya tare su da fara'a, ya sa aka kawo ruwa. Mutum ne mai tsabta, farin gilashi a idonsa.

"Maganinmu ba ya fita sai na'ura ta tabbatar da shi, Sufeto. Ga takardar wannan zubin, ga sa hannun mai gwajinmu. In wani ya buga jabu da sunanmu, mu ma an cuce mu."

"Kwali nawa kuka yi?"

"Takwas. Ɗaya na wurin Hajiya Batula, sauran suna sito."

Aka buɗe sito, babu ko ɗaya. Manaja ya dafe kai yana salati.

Rabo ya nemi a nuna masa inda ma'aikata ke ajiye takalman aiki. A jeren akwai guda biyu manya da aka wanke, sai dai laka ja ta maƙale a cikin zanen tafin. Ya juya na hagu. Dugaduginsa a narke yake.

"Na wa ne?"

"Na Misbahu, mai kula da gangar haɗi," in ji Manaja a hankali. "Kai, Misbahu! Ban zaci haka ba."

Aka kira Misbahu. Dogo ne ƙaƙƙarfa. Ya rantse ranar da aka yi wannan zubin ma ba ya nan, an aike shi Katsina sayo bel ɗin inji, da ya dawo aka miƙa masa takarda ya sa hannu kamar kullum. Sufeto ya sa masa ankwa.

Rabo ya ja Sufeto gefe. "Ka kalli ƙafar mutumin nan. Ta cika takalmin har ta matse. Takalminsa ne ya je Kurfi, amma ba shi ya je ba."

"Na ji, Baba. Amma in na koma hannu wofi, yau za a cinna wa shagon 'yarka wuta. Bari ya kwana wurinmu." Ya rage murya. "Kuma ka ƙirga. Shida a rami, ɗaya a shago. Akwai kwali guda a wani wuri, ana sayarwa."

*

Washegari da sassafe Rabo ya dawo shi kaɗai. Mai gwajin magani, Malama Ikilima, ta shigar da shi ɗakin haɗi bayan ta ba shi hula da farar riga. Mace ce 'yar ƙarama mai saurin magana, kuma da gani ba ta yi barci ba. Mabuɗin ɗakin takalma hannun mutum uku yake, ita da Manaja da Misbahu. Tana tafe a gabansa yana kallon ƙafarta, ta waiwayo ta kama shi.

"Ni ma kana zargina, Baba?"

"Kowa nake kallo, 'yata. Nuna mini abin da kuke taƙama da shi."

Ganga ce ta farin ƙarfe, ta fi mutum tsawo, a rataye tsakanin ƙafafu biyu. A jikin murfinta an ɗaure wani ɗan akwati.

"Asalin maganin ɗan kaɗan ne," in ji ta. "Kamar ka zuba cokalin gishiri a buhun gari. Sauran duk sitaci ne da makamantansa. In bai gauraya sosai ba, wata ƙwayar za ta fito babu komai, wata kuma ta kwashi rabon mutum goma. Irin wannan in mai ciwon suga ya sha, sugansa zai faɗi ƙasa warwas."

"To ya kuke sanin ya gauraya? Duka fari ne."

"Shi ne aikin wannan idon da ke cikin akwatin. Akwai ɗan gilashi a murfin. Yana haska garin ta nan da wani haske da idonmu ba ya gani, kuma kowane irin gari da yadda yake mayar da hasken. Duk juyi ɗaya na ganga sai ya karanta. In karatun ya daina canzawa, an gauraya ke nan, sai ya tsayar da ganga ya ba da koren tambari."

Ta kunna kwamfuta ta nuna masa shafin zubin. Layi ne a miƙe, da koren tambari a ƙarshensa. Rabo bai yi boko ba, amma ya matso da fuskarsa.

"Wannan ƙarshen tafiya ne. Nuna mini daga inda ya taso."

"Shafin ƙarshe ake bugo mini in sa hannu."

"Ni ban taɓa kama sawu daga ƙarshe ba. Koma baya. Fara nuna mini na wani zubin."

Ta buɗe na watan jiya. Layin ya fara da tsalle, sama da ƙasa kamar haƙoran zarto, ya yi ta lafawa har ya kwanta bayan kusan minti arba'in. Ta buɗe wani, haka. Wani ma haka.

"Yauwa," in ji Rabo. "Haka garke yake in an buɗe shinge. A bakin ƙofa sawu a cakuɗe yake, sai an yi nisa yake daidaita. To, namu fa?"

Ta buɗe shi daga farko. Layin a kwance yake tun juyin farko, ba ko ɗan motsi, kuma a minti na shida ganga ta tsaya. Ikilima ta ɗora hannu a baki.

"Wannan ba zai yiwu ba. Gari bai taɓa shiga ganga a gauraye ba."

"To idon nan ba cikin ganga yake kallo ba."

Ta ɗauko sukundireba ta kwance akwatin. A gefen gilashin akwai danƙon salatif mai kusurwa huɗu, da ɗan yagin leda a maƙale. Wani ya ƙulla garin da ya riga ya gauraya a leda, ya manna shi a gaban idon, ya mayar da akwatin.

Rabo ya kwance gefen rawaninsa ya ba ta katunan da ya tsinto a rami. Ta kai su ɗakin gwaji, ta riƙa ɗora ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a kan irin wannan hasken. Cikin goma, bakwai kusan sitaci ne zalla. Ɗaya kuwa maganin da ke cikinta ninkin ba ninki ne, da Ikilima ta ga karatun sai ta zauna.

"Samfurin da na gwada ranar a kan teburina na tarar da shi, da lambar zubin a jiki. Lafiyarsa ƙalau. Ashe na tsohon zubi aka ajiye mini." Hawaye suka zubo mata. "Baba, sa hannuna ne ya fitar da shi."

"Ki ajiye kukan. Akwai kwali ɗaya a waje."

Da ya fito, ya roƙi mai gadi ya ɗebo yashi a baho, ya baza a gaban barandar ofis inda ruwan jiya ya yi caɓi, ya share shi da tsintsiya ya yi sumul.

*

Ƙarfe sha biyu Sufeto ya tara su a ofishin Manaja. Ya zo da Misbahu cikin ankwa, da Batula lulluɓe har goshi, da Rabi'u wanda ya ce ba za a yi maganar wansa ba ya nan. Ikilima ta ajiye takardu biyu a kan tebur, layi mai tsalle da layi a kwance, ta yi bayani a taƙaice.

Manaja ya cire gilashinsa ya goge. "Abin takaici. To amma wa ya san idon nan ciki da waje? Wa ya sa hannu? Kuma Sufeto ya ce ƙafar da ta sa takalmin ƙarama ce." Ya dubi Ikilima. "Ban so in faɗa ba."

Rabi'u ya miƙe tsaye. Ikilima ta ja baya har ta jingina da bango.

"Ku fito waje," in ji Rabo.

A kan yashin duk wanda ya shiga ofis ya bar sawunsa. Rabo ya ɗauki tsinke yana zagaye su.

"Wannan Batula ce, tana jan silifas. Wannan Misbahu, taku mai faɗi. Wannan Malama Ikilima, ƙafa ƙarama, amma duka biyun gaba suke kallo, kamar an ja zare." Ya tsaya a kan wani sawun takalmi sau-ciki mai tsini, irin na ƙafar Manaja. "Wannan ma ƙarama ce. Ku dubi ta dama."

Sufeto ya buɗe hoton wayarsa ya ajiye kusa da sawun. Kowa ya sunkuya.

Manaja ya yi dariya. "Mutum dubu ne ke tafiya haka a Dutsin-Ma."

"Gaskiya ne, Malam. Amma uku ne ke da mabuɗi. Ga takalmin, sa ka taka mana. In bai yi daidai ba, ni da kaina zan durƙusa in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Manaja ya kalli ƙofar fita, inda ɗan sanda ke tsaye. Sannan ya zura ƙafafunsa a takalman Misbahu ya hau yashin. Taku na farko ya miƙar da ƙafar dama da ƙarfi, na biyu ma haka, na uku. A na huɗu ta karkace da kanta. Ya waiwaya ya kalli abin da ya bari a baya, gaban takalmin ko alama bai nutse ba. Sai ya zauna a gefen baranda.

"Injin gangar ne yake zafi ya mutu bayan 'yan mintoci," in ji shi, kansa a ƙasa. "Zubi biyu muka zubar a watan nan. Mai kamfani ya ce in aka zubar da na uku in ajiye masa mabuɗansa. Na aiki Misbahu nemo bel, na ce kafin ya dawo in fitar da wannan. Na buɗe ganga na duba da idona, garin fari sol, na ɗauka ya isa..."

"Duka fari ne!" Ikilima ta daka masa tsawa. "Don me aka sa idon?"

"Da na ji labarin Malam Jibo sai tsoro ya kama ni. Na ce in aka ga kwalayen a bayan shagonta za a ce jabu ne."

Rabi'u ya yi kansa, 'yan sanda biyu suka riƙe shi. Rabo ya tsuguna a gaban Manaja.

"Wannan tsakaninka da hukuma ne, da Allah. Ni abu ɗaya nake so. Ina na takwas?"

"Ƙauyen Tamawa. Kemis ɗin Mas'ud. Ni na kai masa ranar Asabar."

Sufeto ya kira lambar Mas'ud sau uku, ba ta shiga. Hanyar Tamawa kuma bayan ruwan jiya mota ba za ta bi ba.

Rabi'u ya fizge jikinsa, ya share fuska da hannun riga. Ya dubi Batula ya sunkuyar da kai, sannan ya juya wajen Rabo.

"Baba Rabo, hau babur ɗina."

*

Ikilima ta hau babur bayan wani ɗan sanda, da ƙullin sukari da ta karɓa wurin mai shayin bakin titi. Sau biyu suna sauka su tura babura a cikin laka. La'asar ta kusa lokacin da suka isa.

Mas'ud ya fito da kwalin. Jiya ya buɗe shi, kuma kati ɗaya kawai ya sayar, wa Iya Hawwa'u ta bayan masallaci.

Suka same ta tana tsince wake a tsakar gida. Ta ce ita ba ta fara sha ba, tsohon nata bai ƙare ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko katin. Ikilima ta karɓa ta juya shi, sai ta ga gurbi biyu a fashe.

"Iya, ina guda biyun?"

"Au, Hasana na ba, maƙwabciyata. Nata ya ƙare. Da rana ta haɗiya a nan gabana, ta ce za ta leƙa gonar gyaɗarta."

"Wace gonar?"

"Oho, tana da ta rafi, tana da ta tudu."

Rabo ya riga ya fita. A ƙofar gidan Hasana ya sami sawun tsohuwa, silifas da sanda a hannun dama. Ya bi shi cikin lungu, ya rasa shi inda awaki suka wuce, ya zagaya ya sake kama shi a bakin hanyar rafi. Sauri yake yi irin wanda bai yi ba shekara da shekaru, sauran suna binsa a guje. Bayan gonar gero ta biyu ramin sandar ya fara zurfi. Can gaba takun ya gajarce, ya kauce daga hanya ya dawo. Sai ga sandar a yashe.

Tana kwance a gindin wata kanya, cikin kunyoyin gyaɗa, zanenta jiƙe da gumi, idanunta a buɗe amma ba ta gane kowa. Ikilima ta ɗago kanta ta ɗora a cinya, ta dangwali sukari ta riƙa goga mata a dadashi da cikin kumatu.

"Iya Hasana! Iya, haɗiye. Don Allah haɗiye."

Ba motsi. Rabi'u ya durƙusa yana ta karanto addu'a da ƙarfi. Rabo ya tsaya riƙe da sandar tsohuwar, numfashinsa na fita da ƙyar. Ikilima ta ƙara wani sukarin, ta ƙara.

Can maƙogwaron tsohuwar ya motsa. Ta lashi leɓe. Ikilima ta dama sauran a ruwan gora ta ba ta kaɗan-kaɗan, ta sha. Idanunta suka dawo, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ɗan sanda da dattijo da mace mai farar riga, sannan ta kalli ƙasa.

"Su wa ye waɗannan," in ji ta da 'yar siririyar murya, "da suka tattake mini gyaɗa?"

Rabi'u ya fashe da dariya, dariyar ta juye masa ta zama kuka. Yana kukan ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ya nufi inda suka bar babur, Ikilima na biye da shi tana cewa ya bi a hankali, asibitin Kurfi za su, kada ya tsaya ko'ina.